Ngo Chundung Mai Wankin Lu'ulu'u

Duk cocinsu da ke Woodbridge a Amurka an san cewa Ngo Chundung Gyang (Ngo, wato uwa da yaren garinsu) harkar lu'ulu'u take yi. Wanda ya fara yaɗa maganar, oho, amma ta bi gari, har mata masu shirin yi wa 'ya'yansu aure sukan ja ta gefe bayan sujada su ce, "Ngo, ba a samun ɗan ƙarami na zobe a wurinku? Ko fasasshe ne ma." Ita kuwa sai ta dube su ta saman tabarau ta ce, "Irin wanda nake taɓawa, in kika sa wa amarya a yatsa, danginta za su fasa auren." Sai su yi dariya su watse, suna cewa Ngo dai akwai rowa.

Gaskiya kuwa take faɗa musu. Lu'ulu'un da take aiki da shi bai fi rabin ƙwayar shinkafa ba, shafal yake, launinsa kamar shayin da aka cika wa ruwa. Ba tono shi ake yi daga ƙasa ba, a cikin inji ake haɗa shi. Abin da ya fi ba ta dariya shi ne yadda masu digiri uku-uku suke ɗaukar dutse mai tsabta su ɓata shi da gangan: su cusa masa ƙwayoyin iskar naitirojin, su bar 'yan gurabe kusa da su. In aka haska masa koren haske, wuraren da aka ɓata ɗin sai su yi ja, kuma jan yana canzawa da zarar ɗan maganaɗisu, komai ƙanƙantarsa, ya gifta kusa. Da wannan ake leƙa cikin batirin mota a ga inda wuta ke zurarewa tun kafin ya kama da wuta. Su masanan suna kiran ilimin kwantam. Ngo Chundung, in an tambaye ta, cewa take yi, "Dutse ne mai gulma. Abin da ke cikin cikinka yake faɗa wa mutane."

Ita aikinta wanki ne. Wannan gulmammen dutse ba ya buɗe baki sai fuskarsa ta yi tas. Ana dafa shi cikin asid mai zafi, a ɗauraye shi da ruwan da aka tace sau ba adadi, a ɗauke shi da hantsaki a duba ta madubin ƙara girma. Dauɗar da ido ba ya gani ta isa ta sa ya yi ta shirme. Shekara goma sha huɗu tana wannan wanki.

A Gyel aka haife ta, kusa da Bukuru, inda kamfanonin Turawa suka kwashe kuza suka bar wa mutane ramuka cike da ruwa. Uwarta a bakin waɗannan ramuka ta ciyar da 'ya'ya shida, tana wanke ƙasa da kwano don tsinto ɗan abin da kamfani ya raina. Chundung tun tana da shekara bakwai take tsaye cikin ruwan nan har gwiwa. Ta gama sakandare, ta samu aikin kula da ɗakin gwaje-gwaje a wata makaranta a Jos, ta yi aure, sa'annan cacar bizar Amurka ta faɗo kan mijinta. A Amurka aikin da ta fara samu shi ne wanke kwalabe da kofunan gilashi a ɗakin binciken wata jami'a. Ba ta taɓa ba kowa labarin kuza ba. Me za ta ce? Mutum ya haye teku ya zo Amurka ya zauna yana ba da labarin laka?

A jami'ar nan wata malama, Dakta Diana, ta lura cewa gilashin da matar nan ta wanke ba ya taɓa ɓata gwaji. Wata rana ɗalibanta suka lalata duwatsu uku a jere, cikin takaici ta miƙa wa Chundung na huɗu ta ce ta gwada. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara wanke dutse a ɗakin sai ita. Ɗalibai suka zo suka wuce, suka zama daktoci da duwatsun da ta wanke, kowannensu ya gode wa iyayensa da karensa a gaban littafinsa. Biyu daga cikinsu sun tuna da ita, ɗaya ma ya rubuta sunanta daidai.

Da bincike ya yi nisa, Dakta Diana ta ce lokaci ya yi da za a fita kasuwa. Ta buɗe kamfani a Greenbelt, a wani bene tsakanin likitan haƙori da shagon gyaran kwamfuta, ta tafi da mutum tara, har da Ngo Chundung. Kullum da sassafe Ngo za ta hau jirgin ƙasa daga Woodbridge, ta sauka a tashar L'Enfant, ta canza zuwa na ƙarƙashin ƙasa har ƙarshen layi. Awa biyu zuwa, awa biyu dawowa. Ba ta taɓa ƙorafi ba, don a can akwai tebur guda da ba wanda yake zama a kai sai ita, da kujerar da aka daidaita wa tsawonta, da madubin da ko Dakta Diana sai ta nemi izini kafin ta leƙa.

To, kasuwa ba jami'a ba ce. A jami'a dutse guda mai kyau ya isa a rubuta takarda a je taro a ci abincin otal. Masu ƙera batir kuwa dubbai suke so, kowanne daidai da ɗan'uwansa. Nan matsala ta fito fili. Duwatsun da Ngo Chundung ta wanke, tara cikin goma suna aiki. Na duk wani mahaluki, huɗu cikin goma in an yi sa'a. Ita kuma hannu biyu Allah ya ba ta, dozin guda take iya wankewa a yini.

Wani Mista Martins, wakilin masu zuba jari, ya zo ya zagaya da farar riga a kan kwat ɗinsa. Aka kai shi teburinta aka ce ga sirrin kamfani. Ya yi mata murmushi mai haƙora da yawa, ya juya ga Dakta Diana ya ce, a gabanta fa, kamar tebur yake magana a kai, "Ba ma zuba jari a kan hannun mutum ɗaya. In mota ta buge ta gobe fa?"

"Mota ta buge kakanka," in ji Ngo Chundung da Hausa, tana mayar masa da murmushin. Ya ce ya gode. Ranar Lahadi ta roƙi gafarar Ubangiji, amma ba da zuciya ɗaya ba.

Sharaɗin Martins a fili yake: a ƙera injin da zai yi wankin kamar yadda take yi, sai a buɗe masana'anta. In ba a iya ba, kamfani ya zauna ƙarami yana sayar wa jami'o'i 'yan duwatsu. Ngo ba yarinya ba ce, ta gane lissafin tun kafin a gama fassara mata shi cikin ladabi. In inji ya iya, teburinta ya tafi. Shekarunta hamsin da tara. Wa zai ɗauki tsohuwar da duk abin da ta ƙware a kai shi ne wanke dutsen da bai kai shinkafa ba? Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske, irin wanda yake hana mutum jin ɗanɗanon abinci.

Duk da haka da aka ce ta rubuta yadda take yi, ta rubuta tsakani da Allah, shafi goma sha ɗaya, ba ta ɓoye ko ɗigo ba. Injiniyoyi suka bi shi layi-layi, suka samu huɗu cikin goma. Aka kafa mata kyamara biyu. Aka auna zafin hannunta, aka canza mata safar hannu, wani ma ya kawo shawarar a binciki man da take shafawa. Wata shida ana wannan, ba a gano komai ba. Ita kanta ba ta san abin da take yi da ya bambanta ba. Amma ƙarya ne a ce ba ta ji daɗi ba. Abinci ya dawo mata da ɗanɗanonsa, har ta sayi sabon mayafi.

Sai aka ce ana neman sabon injiniya, kuma cikin masu nema akwai wata Dakta Nanret, 'yar Filato. Kai, ranar Ngo kamar ta taka rawa. Shekara goma sha huɗu ba ta da wanda za ta yi wa Hausa a wurin aiki sai mutanen da take zagi. Ta je har ofishin Dakta Diana, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce, "Ki ɗauki wannan. Mutanenmu ba sa wasa da aiki." Aka ɗauke ta. Nanret mace ce mai shekara talatin da 'yan kai, mai saurin magana, ta girma a Barkin Ladi inda babanta yake koyarwa. Tun ranar farko ta rusuna ta ce, "Mama, ina kwana," Ngo ta ji kamar an shafa mata mai a zuciya. Washegari Ngo ta zo mata da gwate, faten acha irin na Filato, a kula, ta zauna tana kallonta har ta cinye.

A mako na biyu Nanret ta ja kujera ta zauna kusa da teburin. Ba ta kalli kyamara ba, ba ta buɗe shafi goma sha ɗayan nan ba, hannun kawai take kallo. Ngo ta zuba ruwan ɗauraya a kofin gilashi, dutsen na ƙasa. Ta ɗan karkata kofin, ta juya shi, ta juya, ruwan ya zagaya ya zube ta baki kaɗan-kaɗan, dutsen bai motsa daga inda yake ba.

Nanret ta fashe da dariya har da tafa hannu. "Mama! Ai kuza kike wankewa!"

"Wace kuza kuma?"

"Wallahi kuza ce! Haka matan bakin rami suke yi da kwano. Mai nauyi ya zauna, mara nauyi ya bi ruwa ya fita. Mama, tun yaushe kike yi musu wannan ba su sani ba?"

Kafin Ngo ta buɗe baki, yarinyar nan ta miƙe tana kiran kowa da Turanci, murna fal fuskarta, tana ganin ta ɗaukaka uwar ɗakinta. Ta bayyana musu: sauran mutane tsotse ruwan suke yi da bututu, dauɗar da ta tashi sai ta koma ta kwanta a fuskar dutsen. Mama kuwa ba ta barin ta ta kwanta. Turawan sun ga juyin nan a kyamara sau dubu, sun ɗauka ɗabi'ar tsofaffi ce kawai, kamar mai kaɗa shayi. Aka yi ta tafi. Dakta Diana ta rungume Ngo har da ƙwalla. Ngo Chundung ta tsaya tana kallon hannunta na dama kamar ɗan da ya tona mata asiri a gaban baƙi. Ita ce ta je ofis ta roƙa a ɗauki yarinyar, ita ce kuma ta ciyar da ita gwate.

Ba ta daina kawo gwaten ba, kada a ce. Amma ta rage nama.

Wata huɗu Nanret ta yi tana haɗa injin: hannun ƙarfe guda mai riƙe kofi, ya karkata, ya juya, ya zubar. Da aka gwada, wa za a ba ya duba duwatsun? Idon da aka fi yarda da shi a kamfanin, mana. Ngo ta leƙa madubi ta ga wani siririn zobe na dauɗa a gefen kowane dutse. Ta ce bai yi ba, aka auna da na'ura aka ga gaskiyarta. Aka gyara, aka sake gwadawa bayan wata guda. Zoben na nan. Mista Martins ya aiko da saƙo cewa gwaji na uku shi ne na ƙarshe.

Wata Asabar tana gida tana rege acha don fitar da yashi, sai ta kama hannunta yana yin abin. A ƙarshen juyi, daidai lokacin da ruwa zai tsaya, wuyan hannun yakan ɗan fizga baya, ƙiris, sai sauran dauɗar ta tsallake bakin ƙwarya. Babban yatsanta ne yake kare shi daga kyamara. Nanret ma ba ta gani ba, don ita daga kan hanya ta kalli masu wankin kuza tana tafiya makaranta da takalmi, ba ta taɓa shiga ruwan ba. Ngo ta ajiye ƙwaryar ta zauna. Ba wanda ya tambaye ta wannan. Ba ƙarya za ta yi ba, shiru kawai za ta yi. Inji zai faɗi gwajin da kansa, ita kuma ta zauna a teburinta har ta yi ritaya da mutuncinta. Ta yanke shawara, kuma ranar Lahadi ba ta saka maganar cikin addu'a ba, don ta san amsar da za a ba ta.

Saura kwana goma gwajin ƙarshe, da hantsi, Nanret ta kunna injin tana ta gwada shi da ruwa da dutsen gwaji. Teburin Ngo yana fuskantar wurin. Ta naɗe hannu a ƙirji ta ce wa kanta ba ruwanta.

Hannun ƙarfen ya karkata, ya juya, ya juya da kyau abinsa, sai ya tsaya cak. Ruwan ya koma baya ya kwanta. Ngo ta ja tsaki a ciki. Ya sake: juyi, juyi, cak. Ta kau da kai ta kalli bango. Amma kunne ba shi da murfi, tana jin ƙarar tsayawar nan, kuma duk tsayawa ɗaya tana ganin dauɗar tana komawa ta zauna daram a kan dutsen da aka sha wahalar dafawa. A bakin rami, yarinyar da ta tsayar da kwano haka, sai an ranƙwashe ta. Ya sake. Ya kuma sakewa.

Kada wani ya ce tausayin Nanret ne ya kama ta, ko kishin kamfani. Haushi ne tsagwaronsa.

"Kai! Wane irin wankin ƙazamai ne wannan?" Ta miƙe har kujera ta faɗi. "Wa ya koya maka tsayawa a nan? Ana tsayawa ne? Ba ni kofin nan!" Ta fizge wani kofi daga kan tebur, ta zuba ruwa, ta juya a gaban hancin Nanret. "Kin gani? Nan! A nan ake fizgawa baya. Nan! Sai ta fita. Ke da digirinki uku ba ki ga wannan ba?"

Sai da ruwan ya zuba a ƙasa ta ji abin da bakinta ya faɗa. Injiniyoyi biyu Turawa sun ɗago kai suna kallo, amma Hausa aka yi, ba abin da suka tsinta sai cewa tsohuwa ta yi faɗa da inji.

Nanret ta matso kusa da ita. Yarinyar ba wawuya ba ce, cikin watannin nan ta riga ta gane abin da dariyarta ta farko ta jawo. Ta sassauta murya ta ce, "Mama, in kin ce ban ga komai ba, to ban gani ba. Ba mai jin mu a nan."

Ga ƙofa an buɗe mata, ba ta ko roƙa ba. Ngo Chundung ta kalli teburinta, ta kalli hannun ƙarfen da ya sake juyawa ya tsaya cak, a gurguje, a banzance, kamar da gangan yake yi don ya ƙular da ita. Ta yi ƙoƙari, Allah ya sani ta yi. Ta buɗe baki don ta ce to, mu bar shi a haka.

"Ɗauko takarda," ta ce. "Ni ba na iya zama ina kallon aikin banza. Kuma ba sau ɗaya ake fizgawa ba, a ɗauraya ta ƙarshe sau biyu ne."

Ta yini tana koya wa ƙarfe, tana zaginsa, tana riƙe wuyan hannun Nanret tana murɗa shi don ta ji yadda abin yake a jiki. Da aka tashi ta shiga banɗaki ta yi kuka mai isarta, na takaicin kanta, ta wanke fuska ta fito.

Ranar gwaji aka jera mata duwatsu arba'in a faranti biyu, ba a gaya mata wanne ne na wa ba. Mista Martins yana tsaye da haƙoransa. An riga an gaya mata cikin ladabi mai yawa cewa masana'antar a wata jiha mai nisa za a gina ta, kuma kamfani ba zai taɓa mantawa da ita ba. Ta zauna ta daidaita madubi. Ta duba na farko, ta juya shi da hantsaki, ta duba gefe, ta duba kusurwa. Ta nemi aibi kamar mai neman allurar da ta faɗi a tabarma, dutse bayan dutse, har idonta ya kawo ruwa. A faranti na hagu ta samu biyu masu ɗan tabo. A na dama ba ta samu ko ɗaya ba.

Ta san nata. Shekara goma sha huɗu, yaya ba za ta san nata ba? Na hagu ne.

"Na dama ya fi," ta ce da Turanci, ta ja takardar sakamakon gwajin ta sa hannu.

Aka ɓarke da ihu, wani ya buɗe kwalba, Dakta Diana tana ta kiran waya. Nanret ce kaɗai ba ta yi tafi ba. Ta zo ta durƙusa a gefen kujerar ta ce, "Mama, ki yafe mini."

"Ke me kika yi? Tashi, kada su ɗauka wani abu ne." Ngo Chundung ta ciro duwatsun nan biyu masu tabo daga farantinta, ta tura wa Nanret su. "Ba injin waɗannan ya sake wankewa. Ni na ɓata su."

Ta zare safar hannunta ta jefa a kwandon shara, ba ta ɗauki wata ba.